Ragon Arewa a Damunar Kurmi

A gida arewa damuna wata huɗu ce, Satumba na ƙarewa rana ta buɗe. A nan Kumasi kuwa sau biyu muke yinta a shekara: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ga shi daga 2023 zuwa 2025 Babbar Sallah duk a watan Yuni ta faɗo, tsakiyar ruwa. Ke nan lokacin da ake so rago ya cika ya yi kyan gani, shi ne lokacin da ƙasa ba ta bushewa.

A bayan gidana akwai raguna shida da awaki huɗu. Ba wata dukiya ba ce, amma cikinsu kuɗin makarantar yara yake, da ɗan jarin da nake komawa kansa idan kasuwa ta tsaya. Na san gidaje da yawa a zango haka suke.

Gajerun tumakin kurmi sun saba da laima. Balami da Uda da muke sayowa daga arewa saboda girmansu, dabbobin busasshiyar ƙasa ne. Kwana kaɗan a cikin caɓi sai ka ga rago yana ɗingishi, ka ɗaga ƙafar ka ji wari tsakanin kofato. Wanda ƙafa ke masa ciwo ba ya tsayawa cin abinci, naman da ka yi wata uku kana tarawa sai ya zube kana kallo. Shi ya sa na ɗaga musu daɓen katako kamar kamu biyu daga ƙasa, da 'yar tazara tsakanin allunan don kashi da fitsari su riƙa zuba. Kullum da asuba yara su share ƙarƙashi, a watsa toka da dusar katako. A ganina kuɗin kafinta ya fi kuɗin allura amfani.

Sai abinci, inda aka fi yin asara. Ciyawa ta yi yawa, ta yi kore shar, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu. To, da sanyin safiya, ciyawa na jiƙe da raɓa, 'ya'yan tsutsar ciki ke hawowa kan ganye. Mu sai hantsi ya yi ake yanka, a baza ta sha iska ta yi yaushi, sannan a rataya a daina zubawa a ƙasa. Ɗanyar ciyawa zalla tana sa zawo da kumburin ciki, don haka ana fara ba su harawa ko kowa tukuna. Ɓawon rogo da muke karɓa wurin masu fufu dole ya bushe sarai, ɗanyensa yana da dafi. Dusa kuma, kada ka sayi buhu da yawa don ka ga araha. A wannan laimar nan da nan take yin fumfuna, kuma wadda ta yi sai zubarwa.

Maganin tsutsa ana bayarwa farkon ruwa, amma a tambayi malamin dabbobi: irin su albendazol ba a ba tunkiya mai ƙaramin ciki, kuma akwai kwanakin da ake jira kafin a yanka dabbar da ta sha magani. Kaska kuwa da hannu ake dubawa, cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya.

Gaskiya ita ce yawancin aikin nan ba mu ke yinsa ba. Hadari na haɗuwa ina rumfa ina rufe kaya, uwargida ce ke kwashe shanyar ɓawon rogo, ta sauke buhunan da ke tare feshi, ta kora awaki ciki. Su dai awaki ba sa wahalar da ita, ɗigo ɗaya ya taɓa su sun riga ta shiga rumfa. A gidana idan aka sayar da rago, kasonta ake fara cirewa kafin a yi lissafin riba.