TSAKAR GIDA A MATSAYIN WURIN ZAMA: TSARIN INUWA, ISKA DA RUWA A ƘARAMIN FILI

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara tsakar gida ta zama wurin zama mai daɗi, ko da filin ya ƙuntata. Masana irin su F. W. Schwerdtfeger, wanda ya nazarci gidajen Zariya (1982), da J. C. Moughtin (1985) sun yi bayani mai yawa game da ginin Hausawa, amma hankalin masu sha'awar wannan fanni ya fi karkata ga zaure da soro da adon bango. Filin da babu rufi a kansa, watau inda mata da yara suke wuni, bai cika samun rabonsa ba. A yau kuwa, a birane kamar Kano da Katsina da Maraɗi, ana raba fuloti ɗaya gida biyu, a unguwannin awon igiya ma fiye da haka, kuma duk lokacin da aka buƙaci ƙarin ɗaki, tsakar gida ake gutsura. Saboda haka ya kamata a tantance abin da ke sa ta yi daɗin zama.

2.0 Ma'anar Tsakar Gida

Bature kan gina gidansa a tsakiyar fili, ya bar sarari a baya don shaƙatawa. Bahaushe kuwa yakan kewaye filin da katanga ko danga, ya jera ɗakuna a gefe, ya bar sararin a tsakiya. Harshe ma ya nuna wannan bambanci, domin idan aka ce "bayan gida" da Hausa, makewayi ake nufi, ba wurin hutawa ba. Baƙo namiji iyakarsa zaure ko shigifa. Wanda ya kai tsakar gida, to ko dai muharrami ne, ko yaro, ko mace.

A nan ake daka da tankaɗe da girki da wanki da shanya da kitso da saƙar tabarma. A nan yara suke jin tatsuniya da dare, a nan mata suke taron suna, a nan kuma iyali suke kwana idan bazara ta tsananta. Ɗaki a al'adance wurin barci ne da ajiya. Wannan ne ya sa idan tsakar gida ta lalace, matan da suke zaman kulle su ne suka fi kowa jin jiki.

3.0 Inuwa

Inuwa ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma ba ta samuwa da kyau sai an lura da tafiyar rana. Kano tana kusa da digiri 12 a arewa da layin da ya raba duniya biyu. Don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokuta biyu takan ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana kudu. A watan Disamba, katanga mai tsawon mita 2 takan ba da inuwa ta kusan mita ɗaya da rabi da tsakar rana, ta ɓangaren arewa. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi kan kai digiri 40, wannan katanga ba ta ba da inuwar da kaza za ta fake da azahar.

Abin da wannan lissafi ya nuna shi ne, inuwa iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Akwai inuwar gefe, wadda katanga ko ɗaki suke bayarwa da safe da yamma. Akwai kuma inuwar sama, wadda sai rumfa ko itace. Katangar yamma ita ce mafi amfani, domin wajen ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu inuwar katanga mai mita 2 takan kai kimanin mita biyu da rabi. Idan aka kafa rumfa a jikinta, sai inuwar rumfa ta azahar ta haɗu da inuwar katanga ta la'asar, wurin ya zaunu tun daga hantsi har magariba. Gindin katangar arewa kuwa gara a bar shi a buɗe. A lokacin hunturu rana tana kudu, saboda haka wurin yakan sami hantsi sosai, katangar kuma ta tare iskar da ke busowa daga arewa maso gabas. Nan ne mazaunin tsofaffi da masu jego da safe.

Kayan rufin rumfa ma abin lura ne. Zanar gamba da karan dawa ba sa riƙe zafi, kuma iska mai ɗumi tana fita ta kafofinsu. Aibinsu shi ne gara da gobara, ga kuma sabuntawa a kai a kai. Kwano yana daɗewa, yana tare ruwa, amma yakan gasa wanda ke ƙarƙashinsa. Maganin wannan shi ne a ɗaga rufin ya haura mita biyu da rabi, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, a bar rata tsakaninsu don iska ta ratsa. Tun da rumfar tana fuskantar gabas, inda hadari ya fi tasowa, ana bukatar asabari da za a saki da damina don tare feshi, a naɗe shi idan ruwa ya ɗauke.

Game da itace, Hausawa sun daɗe da tantancewa. Sun ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha," sun kuma ce, "Inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya." Watau ba kowace inuwa ce ta zama ba. Durumi da ceɗiya suna da inuwa mai duhu da sanyi, amma saiwoyinsu suna bin danshi har su tsaga katanga da ramin masai, don haka mazauninsu ƙofar gida ne ko dandali. Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga ƙasar Indiya ne, kuma ta bazu a ƙasar Hausa a ƙarni na 20. Ita ma tana son fili. Ƙaramar tsakar gida ta fi dacewa da lemun tsami ko rumman ko gwaiba guda ɗaya, da zogale da lalle a jikin katanga. Waɗannan ba sa cinye wuri, ga shi kuma suna shiga tukunya da kwalliya.

4.0 Daɓe da Magudanar Ruwa

Abu na biyu shi ne ƙasar da ake takawa. A da, mata sukan yi gayya su daɓe tsakar gida da ɗakin amarya. Sukan baza tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har wurin ya yi ƙarfi. Irin wannan daɓe yana shan ruwa kaɗan, idan an yayyafa masa da yamma sai danshin ya tashi da zafin wurin. Siminti da intalok sun fi sauƙin shara, ba sa caɓi, amma sukan tara zafin rana su yi ta sakinsa har tsakar dare, watau daidai lokacin da ake son shimfiɗa tabarma. Hanya mafi dacewa ita ce a raba: a sa siminti a wurin wanki da madafa da hanyar shiga ɗakuna, a bar daɓe ko rairayi a wurin zama da gindin itace.

Batun ruwan sama yana bukatar lissafi. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Alal misali, tsakar gida mai mita 6 a tsaye da 5 a kwance, idan aka yi ruwa na milimita 40, kamar yadda kan faru a watan Agusta, za ta karɓi lita 1,200, ban da abin da indararo ko bakin kwano zai zubo. Idan babu mafita, ruwan zai jiƙa gindin gini, kuma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ake karkata daɓe da kamar santimita ɗaya ko biyu a kowace mita zuwa ga rariya, a kuma sa dutse ko randa a inda indararo ke zuba.

A biranen Fas da Marrakesh da Dimashƙa, akan gina kwarmin ruwa a tsakiyar gida don sanyaya iska. Bahaushe bai ɗauki wannan hanya ba, sai ya dogara ga randa da yayyafi. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba ya faɗaɗa a Jihar Jigawa da tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ya kwanta a buɗe kuwa haɗari ne ga yara masu rarrafe, kuma sauro yakan ƙyanƙyashe ya girma a cikinsa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka randa mai murfi a inuwar rumfa ta wadatar.

5.0 Rabon Wuri da Sutura

A ƙaramin fili, tsakiya ya kamata ta kasance a sarari, kaya su koma gefe. Dakali a jikin katanga yana ba da wurin zama ba tare da ya tare hanya ba. Tabarmar kaba da kujerar tsugunno da buzu suna da fa'idar da kujerun zamani ba su da ita, domin ana ɗauke su a bi inuwa duk inda ta koma, a kuma naɗe su idan taro ya zo.

Iska a ƙasar Hausa hanya biyu take bi: daga arewa maso gabas da rani, daga kudu maso yamma da damina. Idan aka ajiye murhu a kan wannan layi, hayaƙi zai ratsa tsakiyar gida rabin shekara. Kusurwar kudu maso gabas ta fi dacewa da madafa idan rumfa tana yamma. Makewayi kuma a nisanta shi da rijiya da madafa, a tsara shi yadda mai shiga ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba.

Sutura ita ce sharaɗin ƙarshe, amma idan babu ita sauran ba su da amfani. Magina na da sukan goce ƙofar zaure daga ƙofar ciki, don kada idon mai wucewa ya faɗa kan iyali. Gida mai get ɗaya yana iya samun wannan da ɗan bango ko zana a bayan ƙofa. Matsalar da ta fi wuya ita ce benen maƙwabci mai taga tana leƙen gida. Ƙara tsawon katanga yakan toshe iska, don haka rumfa ko inabi mai yaɗo a kan azara sun fi, tun da suna tare ido daga sama, iska kuma tana wucewa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa daɗin tsakar gida bai rataya ga faɗinta kaɗai ba. Ya rataya ga inda aka kafa rumfa, da itacen da aka dasa, da irin daɓen da aka yi, da mafitar ruwa da hayaƙi, da kuma sutura. Wani abin da ya shafi manazarta harshe kai tsaye shi ne, kalmomi irin su madaɓi da makuba da asabari da indararo suna raye ne muddin abubuwan da suke nufi suna raye. Yaron da ya tashi a gidan da aka rufe tsakarsa da kwano aka mai da ita falo ba shi da dalilin sanin su. Yana da kyau ɗalibai masu neman batun bincike su tattara waɗannan kalmomi daga bakin magina da tsofaffin mata, karin harshe bayan karin harshe, su auna filayen gidaje, su kuma rubuta yadda iyali suke amfani da su daga asuba zuwa dare a kowane yanayi na shekara.