Bakin Kogin Wudil, Mashigin da Ya Raini Gari

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi gabas, ko Dutse za shi, ko Bauchi, ko Maiduguri, bayan tafiyar kamar kilomita 40 sai ya iske gadar Wudil. Yawancin mutane iyakar saninsu da kogin da ke ƙarƙashinta shi ne abin da suka hango ta tagar mota, kafin direba ya tsaya a sayi soyayyen kifi a wuce. Amma wanda ya daure ya sauka, ya bi gangaren da ke gefen gada har ƙafarsa ta taɓa yashi, zai ga dalilin da ya sa gari ya zauna a nan.

Biranen bakin teku irin su Ikko da babban birnin ƙasar Saliyo, Allah ya hore musu lungun ruwa inda jirage ke fakewa, daga nan kuwa arzikinsu ya taso. Ƙasar Kano ba ta da teku, abin da take da shi mashigai ne, Wudil kuwa tana cikin manyansu. Kogin Kano da Kogin Challawa sukan haɗu kafin su iso garin, daga nan ruwan ya miƙa Haɗeja, ya bi ta fadamun Nguru, ya zama Kogin Yobe, har ya faɗa Tafkin Chadi.

Kafin a yi gada, da damina ta sauka kogi ya kawo, dole fatake su sauke wa jakuna da takarkarai kaya su jira masu fito. Inda ayari ya kwana kuwa, nan mai tuwo ke kafa tukunya, nan dillali ke baza tabarma. Ba abin mamaki ba ne da kasuwar Wudil, wadda ke ci ran Juma'a, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, inda ake loda dabbobi a manyan motoci zuwa Kudu. Sarauta ma ta san darajar wurin, gama Makaman Kano, na gidan Jobawa, shi aka sani da hakimcin ƙasar.

Da sassafe bakin kogin ya fi daɗin gani. Masunta na komowa cikin kwale-kwale, wani na warware koma, wani na zazzage mali, ga ƙarfasa da tarwaɗa suna ta mutsu-mutsu a cikin kwando, masu saye sun yi cirko-cirko ana ciniki tun kafin a ɗaure jirgi. Can gaba masu wanki ne suke shanya tufafi a kan rairayi, Fulani kuma suna gangaro da garke mashaya.

Sai dai fa kogin da dattawa suka sani tun suna yara ya sauya hali. A da, da rani yakan ƙafe, a ratsa shi da ƙafa, a tona yashi a sami ruwan sha. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma ƙara da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, sai ruwa ya riƙa gudu rani da damina. Manoman rani sun ci riba, wannan ba musu. Amma ambaliyar da kan shayar da fadamu kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Haɗeja. In ruwan ya yi yawa kuwa yakan zo da fushi, kamar a watan Agusta na​ shekarar 2001, lokacin da ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Wudil da maƙwabtanta.

Akwai kuma abin da hannun ɗan Adam ke yi wa kogin kullum. Tifofi na layi a bakin gaɓa suna kwasar yashi don gine-ginen birni, gaɓar na zaizayewa, ramuka masu zurfi na buɗewa inda yara ke wanka. Dattin masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa shi ma ta wannan hanya yake biyowa, ga shi kuwa kifin da ake kamawa a nan mutanen birni ne ke cin mafi yawansa.

Wudil a yau garin ilimi ce. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Ya kamata ɗaliban aikin injiniya da na kimiyyar ƙasa su mai da bakin kogin nan ajinsu na biyu, su auna zurfinsa, su gwada ruwansa. Ya kamata kuma ƙaramar hukuma da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su shata inda za a ɗebi yashi, su gina matakala mai ƙarfi ta shiga jirgi, su tilasta sa rigar kariya. Hatsarin jirgin Bagwai na watan Nuwamba 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 20, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, ya faru ne a wannan jiha, kuma irin jiragen katakon nan ne mutanen ƙauyukan ƙetare ke shiga ran kasuwa, su da awakinsu da buhunansu.