Darasin Ƙididdiga Daga Filin Besbol

Yau za mu leƙa Amurka, inda wasu malamai ke koyar da ilimin ƙididdiga da wasan besbol, wasan nan da ake wurga wa ɗan wasa ƙwallo ya make ta da sanda.

Cikin waɗanda suka yi haka akwai Farfesa Jim Albert, wanda ya koyar a jami'ar Bowling Green a jihar Ohayo, ya kuma wallafa littafi a kan haka a 2003. Wasan ya dace da aji, domin kowace babbar ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma duk bugun da aka yi sai an rubuta shi.

Darasin farko shi ne matsakaicin bugu: a raba yawan bugun da ya ci da yawan damar da aka lissafa wa ɗan wasa. A 1941, Ted Williams ya ci 185 cikin 456, wato kashi 40.6 cikin ɗari, alhali mai kashi 30 ma gwani ne.

To, ku kasa kunne ga wannan. A 1995, David Justice ya samu kashi 25.3, Derek Jeter kashi 25. A 1996, Justice ya samu 32.1, Jeter 31.4. Kowace shekara Justice ne a gaba. Amma da aka haɗa shekarun biyu, sai ga Jeter da kashi 31, Justice kuwa 27.

Ina sirrin yake? A shekarar da Jeter bai taɓuka ba, damarsa 48 ce kacal, a shekarar da ya haskaka kuwa 582. Shi Justice, 411 a shekararsa mai rauni, 140 a mai kyau. Shekarar da ta fi yawan dama ita ke rinjayar sikeli. Masana na kiran wannan ruɗanin Simpson, kuma yana ɓullowa a alƙaluman asibiti da sakamakon jarrabawa.

Ɗalibin da ya warware wannan lissafi da bironsa ba ya sake haɗiye alƙaluma ba tauna. Don haka jama'a, duk ranar da aka ce muku kashi kaza cikin ɗari, ku tambaya: cikin mutum nawa?