Zuwa Birnin Ƙonni Lafiya, Komowa Lafiya

Mutanen Sakkwato ba baƙin Birnin Ƙonni ba ne. Wani yana zuwa cin kasuwa, wani biki ko suna, wani gaisuwar mutuwa, wani kuwa ziyarar dangi. In ka tashi daga Sakkwato da safe, ka bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar kamar kilomita 85 za ta kai ka Illela. Daga Illela zuwa Ƙonni bai kai kilomita 10 ba. Mutum ya iya cin kasuwarsa ya komo gida ya yi sallar magariba.

Kusancin nan shi ke ruɗin mutane. Harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, sai mutum ya manta ya bar ƙasarsa. Amma da ka ƙetare iyaka ka shiga Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Tawa. Hukuma dabam ce, doka dabam, kuɗi dabam. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan darasi domin ya buɗe maka ido ne tun kana gida.

Yadda iyakar ta samu

A zamanin kakanninmu babu shinge tsakanin Sakkwato da Ƙonni. Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba ƙasar a kan takarda. A shekarar 1898 suka shirya cewa iyaka za ta kewaye Sakkwato daga nisan mil 100. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu ba ruwa, sai aka sāke shiri a 1904 da 1906, aka matso da iyakar kudu. Ta haka Ƙonni ta zauna hannun Faransa, Illela kuwa hannun Ingila. Ƙasashen biyu suka sami mulkin kai a 1960, amma iyakar tana nan inda aka sa ta. Kowace ƙasa tana da ikon tambayar wanda ya shigo mata, ko da kakarsa can aka haife ta.

Kafin ka tashi

Abu na fari, ka tambaya ko iyaka a buɗe take. Ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin da soja suka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Mutane da yawa rufewar ta same su a wancan gefe, guzurinsu ya ƙare. Saboda haka ka saurari rediyo, ka kuma tambayi direbobin tashar Illela. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na biyu, takardu. Dā ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda ta yarda mutanenta su shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Don haka kada ka dogara ga abin da ka saba yi dā. Ka je ofishin shige da fice ka tambayi takardar da ake karɓa a lokacin tafiyarka. Fasfo shi ne ya fi ƙarfi. Ka duba kwanan watan da ke jikinsa, kada ya zama ya mutu. Ka riƙe katin ɗan ƙasa kuma. Ka sa a ɗaukar maka hoton takardun nan ka bar shi gida, domin in na hannunka sun ɓace a sami abin nunawa.

Abu na uku, katin allurar shawara, watau katin nan rawaya. Ana tambayarsa a kan iyaka. Allurar sau ɗaya ake yi, ta isa har iyakar rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Kada ka sayi kati a tasha ba tare da an yi maka allura ba. Kati ya iya ruɗin ma'aikaci, amma ba ya ruɗin sauro.

Abu na huɗu, ka gaya wa mutanen gidanka inda za ka, da wurin wanda za ka sauka, da ranar da za ka komo. Ka rubuta lambar wayar mutum biyu a takarda ka sa aljihu, gama waya takan ɓace ko ta mutu. Lambobin Nijeriya suna farawa da 234, na Nijar da 227. Ga amfanin karatu da rubutu ke nan: wanda ya iya rubuta lamba, ya iya karanta abin da aka buga masa a fasfo, ba a cika cutarsa ba.

A kan iyaka

Ka bi babbar hanya, ka shiga ta ƙofar hukuma. Za ka ga masu babur suna kiranka, suna cewa za su zagaya da kai ta daji ba wanda zai tambaye ka kome. Kada ka yarda. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ba shi da shaidar shiga, in an kama shi ba shi da bakin magana. Ban da wannan, dajin kan iyaka ba lafiya. Ɓarayin daji sun daɗe suna ɓarna a gabashin Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni. A Nuwamba na 2024 kuma rundunar sojan Nijeriya ta ba da sanarwar 'yan bindigan da ake kira Lakurawa a wajen Tangaza da Gudu. Saboda haka tafiyar rana ita ce tafiya. Ka tashi da hantsi, ka komo kafin rana ta faɗi. In dare ya yi maka, ka kwana.

A gefenmu za ka tarar da ma'aikatan shige da fice da na kwastan. A gefensu akwai 'yan sanda, da jandarma, da ma'aikatan duwan, watau kwastan nasu. Ka yi sallama, ka miƙa takardunka, ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai. Kada ka ɗaga murya. In an ce ka biya wani kuɗi, ka tambaya cikin ladabi ko na mene ne, ka roƙi rasit. In an buga maka hatimin shiga, lalle ka nemi na fita ran da za ka komo.

Ga wani babban gargaɗi. Kada ka karɓi ƙunshi ko jaka daga hannun wanda ba ka sani ba, wai ka ƙetare masa da ita. Ko wanda ka sani ne, sai ya kwance ka gani da idonka. Ana ɓoye ƙwayoyi irin su tiramol, har da harsashi, cikin buhun hatsi ko kwalin sabulu. In aka bincika aka samu, wanda kaya ke hannunsa shi ne mai kaya. Rantsuwa ba ta fid da shi. Haka kuma in za ka sayo kaya masu yawa, ka fara tambayar kwastan abin da aka hana shigowa da shi, kada a ƙwace a bar ka da hasara.

Sha'anin kuɗi

Kuɗin Nijar sunansa sefa. Takardunsa su ne na 500, da 1,000, da 2,000, da 5,000, da 10,000. Ka lura, sefa iri biyu ce. Ta Nijar ita ce ta Afirka ta Yamma, wadda ake ci a Binin da Togo da Mali. Ta Kamaru da Cadi dabam ce, kada a haɗa maka da ita cikin canji.

'Yan canji suna nan a Illela da Ƙonni. Farashi yana hawa yana sauka, don haka ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka canza. Ka ƙirga kuɗinka a gaban mai canji, sa'an nan ka tashi. Kada ka fid da damin kuɗi a tsakiyar kasuwa. Ka raba su biyu, kaɗan a aljihun riga na ciniki, sauran a lalita ko aljihun ciki.

To, ga inda baƙi suka fi faɗawa. Mutanen Nijar ba su ƙirga sefa ɗaya ɗaya, da dala suke lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tebur ya ce maka ashirin, yana nufin sefa 100. In ya ce hamsin, sefa 250 ke nan. In ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Sefa 1,000 kuwa ita ce jika guda. A ce ka yi cinikin kwandon albasar Galmi, aka sallama maka a ɗari huɗu. Kai kana tsammani sefa 400 ne, alhali jika biyu ake nufi, watau sefa 2,000. Daga nan sai gardama ta tashi, mutane su taru, baƙo kuwa ba ya cin gardama a garin mutane. Dabarar mai sauƙi ce: abin da aka faɗa maka, ka riɓa shi sau biyar. In ka yi shakka, ka ce a nuna maka takardar kuɗin da ake nufi.

A cikin gari

Kowane baƙo yana bukatar mai masauki. In kana da dangi ko abokin ciniki, ka sauka wurinsa, shi ne idonka, shi ne kuma mai shaidarka in wani abu ya faru. In za ka hau kabu-kabu, ku shirya kuɗi tukuna. Takardunka su zauna a jikinka duk inda za ka.

Kada ka ɗauki hoton soja, ko barikinsu, ko shingen jandarma, ko ofishin hukuma. Kada ka sa baki cikin hirar siyasar ƙasarsu a tasha ko wurin mai shayi, ko da an ja ka. Ba ka san wanda ke saurare ba. Ka ce kai baƙo ne, ka zo ganin dangi. In ka ga taro ko hayaniya, ka canza hanya.

Ka kula da cikinka. Ka ci abinci mai zafi wanda aka sauke a gabanka, ka sha ruwa mai tsabta, ka wanke hannu da sabulu. Da damina ka kwana cikin gidan sauro. Da bazara kuwa, lokacin zafi da ƙura, sanƙarau yakan yaɗu a ƙasashen nan namu, sai ka guji kwana cikin ɗaki mai cunkoso marar taga. Mai shan magani kullum ya tafi da nasa cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

In wahala ta same ka

In takardunka ko kuɗinka sun ɓace, ka tafi ofishin 'yan sanda tare da mai masaukinka, ka ba da rahoto, ka karɓi takardar shaida. In an tsare ka, kada ka yi gudu, kada ka yi kokawa. Ka roƙa a sanar da mai masaukinka da mutanen gidanka. Yawancin takardun hukumarsu da Faransanci ake rubutawa, saboda haka kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara maka ba. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Yamai, aikinsa ne ya taimaki 'yan ƙasa in magana ta yi girma.

Mutanen Ƙonni 'yan'uwanmu ne, suna kuwa girmama baƙo. Wanda ya je da takardunsa, ya bi ƙofa, ya riƙe bakinsa, ya san lissafin dala, zai ci kasuwarsa ya komo wurin iyalinsa lafiya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu za ka yi kafin ka tashi?
2. Don me ba a bin ɓarauniyar hanya?
3. In mai kaya ya ce maka ɗari uku, sefa nawa yake nufi?
4. Me za ka yi in wani ya ba ka ƙunshi ka ƙetare masa da shi?