Tsakanin Samaru da Kadawa: Wa Ke Zaɓar Abin da Jami'a Za Ta Bincika?

Duk lokacin da na bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani, nakan tsaya a Kwanar Gafan in kalli kwandunan tumatir jere a bakin titi. Ba nisa daga nan, a Kadawa cikin ƙaramar hukumar Garun Mallam, akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kasuwa da tasha maƙwabta ne, amma ba kullum suke jin muryar juna ba.

Bincike a babbar jami'a hawa-hawa ne. Akwai sassa da tsangayoyi, inda malami ke haɗa koyarwa da nazari. Akwai cibiyoyi irin wannan ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962, inda ake rarraba masana gwargwadon amfanin gonar da suke aiki a kansa. Sai tashoshin gwaji irin na Kadawa, mai shan ruwan madatsar Tiga, sannan cibiyar NAERLS mai isar da sakamako ga manoma. Tsarin ya yi rana: daga cikinsa irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka fito.

Sai dai matsalar manomi ba ta san iyakar tsangaya ba. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, manomin Kura da Bunkure ya buƙaci masanin ƙwari da masanin magunguna da masanin kasuwa a lokaci guda. Mu kuwa kowa na ofishinsa, domin ƙarin girmanmu ya rataya ne a kan yawan maƙalun da muka buga. Ni kaina na sha zaɓar batun da zai buɗe mini ƙofar mujalla, na bar wanda zai tsare gonar wani.

Shawarata biyu ce. Ta farko, kafin kwamitin bincike ya raba kuɗin TETFund, ya zauna da ƙungiyoyin manoman rani ya ji abin da ke damunsu. Ta biyu, a riƙa lissafa irin da manomi ya karɓa ya shuka a ma'aunin ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa maƙala. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma da harajin jama'a ake biyanmu albashi.