Kafin ka tura wannan zanen, duba shi da kyau

Alƙaluma na gaskiya ma sukan ruɗi mutum idan aka zana su da siffar da ba tasu ba. Kullum zane-zane na yawo a WhatsApp kan farashin abinci ko sakamakon zaɓe, jama'a na ta turawa ba tare da an tsaya an duba ba.

Kowane zane da tambayar da yake amsawa. In ana son nuna yadda farashin buhun masara ke hawa da sauka daga kaka zuwa bazara, layi ne ya dace, domin aikinsa bin lokaci. In kuwa za a kwatanta Kano da Katsina, sai ginshiƙai. Dabarun nan biyu wani ɗan Sikotilan, William Playfair, ya fito da su a littafinsa na 1786, ya ƙara da da'ira a 1801.

A ginshiƙan nan ne aka fi yin ha'inci. Dole su tashi daga sifili. A ce wani ɗan takara ya samu kashi 52, abokin hamayyarsa 48. Mai zane ya datse ƙasa, ya fara ƙirga daga 45, nan take ginshiƙin farko ya ninka na biyu har da ɗori. Bai canza lamba ko ɗaya ba, amma ido ya riga ya yanke hukunci. Don haka a fara duban lambar da ke can ƙasa.

Da'ira kuwa kamar yankan kankana take: abu guda ake rabawa, kuma jimilla ta cika ɗari. In yanka ya wuce biyar, a ganina, an ɓata aiki.

Taswira ma a yi hattara da ita lokacin zaɓe. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, Legas ce mafi ƙanƙanta, amma jama'ar Legas sun fi yawa nesa ba kusa ba. Launin da ya mamaye taswira fili yake nunawa, ba ƙuri'a ba. Amfaninta shi ne amsa tambayar "a ina?". Haka likita John Snow ya yi a Landan kan annobar kwalara ta 1854: ya sa alama a gidajen mamata, sai ga su sun taru kewaye da famfon ruwa guda a titin Broad.