AKILA DA BILKISU: BAƘI NE, AMMA MA'AIKATA

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-3, 24-26, Romawa 16:3-5

 Maganarmu ta yau musamman domin ku ne da neman abinci ya kawo ku Fatakwal, kuna zaune Mile 2 Diobu da kewaye. Waɗansunku daga Kudancin Kaduna, waɗansu daga Filato, Ƙasar Tangale ko Zuru. Ran Lahadi kukan zo sujadar Hausa, ku zauna a bencin baya. In aka nemi mai koyar da yara a Sande Sukul, sai a ji amsa, "Ai ni baƙo ne, ikilisiyata tana gida." Mutum ya shekara goma sha biyar a gari, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, har yanzu baƙo ne?

Bari mu dubi Akila da matarsa Bilkisu. Akila mutumin Fantas ne. Suna zaune a Roma, sai sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, wajen shekara ta 49. Suka sauka a Koranti, birnin ciniki mai tashar jiragen ruwa, kamar dai Fatakwal. Sana'arsu ɗinkin tanti. Ba fastoci ba ne, ba su da muƙami. Amma da Bulus ya iso, su ne suka ba shi masauki, suna sana'a tare. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa a birnin nan.

Daga can suka bi shi zuwa Afisa, wata baƙuwar ƙasa kuma. Nan suka ji Afolos yana wa'azi. Gwanin magana ne, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Ku lura da abin da suka yi. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, ba su kuwa koma gida suna gulmarsa ba, yadda mu muka iya. Sun ja shi gefe, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. A Afisa ikilisiya tana taruwa a gidansu. Da suka koma Roma, haka kuma. Birni uku, ba inda suka ce sai sun koma gida tukuna za su yi wa Ubangiji aiki.

Ɗan'uwa, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma a cikinmu akwai masu gadi da masu tura baro a kasuwar Mile 1 da ba su iya karanta shi ba. Kai da ka iya, wa kake jira? Yaranmu da suka tashi a Diobu sun fi jin Turancin buroka da Hausa. Suna bukatar mai tafinta, suna bukatar malami. 'Yar'uwa, Zumuntar Mata ba ta matan fastoci da dattawa kaɗai ba ce. Akwai ziyarar marasa lafiya, akwai sharar majami'a, akwai karɓar sabon zuwa da ya sauka a tashar mota ta Mile 3 bai san kowa ba.

Aika gudummawar gini gida lokacin Kirsimeti abu ne mai kyau, kada ka fasa. Amma ran Lahadin nan, in an tashi sujada, kada ka yi saurin fita. Ka tsaya ka ga fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, ka faɗa masa abin da ka iya da ranar da kake da sarari.